Aikin ba da shawara kan mata da zaman lafiya: amsa ga wata ƙanwa daga Ƙauran Namoda

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni 'yar Ƙauran Namoda ce, na karanta ilimin zamantakewar al'umma, na gama bautar ƙasa, kuma sau biyu ina yi wa wata ƙungiya aikin cike fom a wurin 'yan gudun hijira. Na ga tallar aiki ana neman mai ba da shawara na wata uku a kan daidaiton jinsi wajen gina zaman lafiya da rigakafin rikici. Mene ne ainihin aikin, kuma irina za ta iya nema? Baba ya ce aikin Turawa ne na raba mata da mazajensu, ni kuma na rasa abin da zan ce masa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa karatu albarka. Da maganar Baba zan fara, don idan ba a warware ta ba, sauran bayanin duk ɗiban ruwa ne da rariya.

Kada ki ga laifinsa. Kalmar nan "jinsi" ita ke ɓata mana aiki tun ba mu buɗe baki ba. Mutumin da bai taɓa jin ta a rediyo ba sai a cikin "auren jinsi", in kika zo masa da "daidaiton jinsi" kin rufe wa kanki ƙofa da hannunki. Ni na daɗe da daina furta ta a gaban jama'a. A rahoto ina rubuta ta, tunda ita masu ba da kuɗin suke son gani, amma a zauren hakimi cewa nake mun zo ne a kan yadda rashin tsaro ya taɓa mata, da yadda za a dama da su wajen neman mafita. Ban taɓa ganin hakimin da ya karkaɗe rigarsa ya tashi saboda wannan ba. Kuma ba wayo nake yi masa ba, aikin ke nan.

Ki tuna wa Baba Hudaibiyya. Da aka ƙulla sulhu a shekara ta 6 bayan hijira, sharuɗɗan suka yi wa sahabbai nauyi, har Manzon Allah (SAW) ya umarce su su yanka hadayarsu su yi aski amma babu wanda ya motsa. Uwar muminai Ummu Salama ce ta ba shi shawarar ya fita, kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira mai yi masa aski. Yana yin haka kowa ya miƙe. Lokacin buɗe Makka kuma Ummu Hani ta ba wani mutum mafaka alhali ɗan'uwanta Sayyidina Aliyu na neman kashe shi, Manzon Allah ya zartar da amanar da ta bayar. In na gida Baba ya fi so, ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi ta kafa 'yan taru, kowace tawaga da jajinta, dattijuwa mai malfa, suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da shi a tsakar gidaje. Ɗinke al'umma bayan yaƙi ke nan, tun babu ko labarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu Zamfarawa ma tarihinmu yana ambaton 'Yargoje da ta yi sarauta a Kuyambana, dajin da yau ambaton sunansa kawai ke faɗar wa mutum da gaba.

Sai dai ki gaya masa gaskiyar duka. Mafi yawan kuɗin aikin daga waje yake zuwa, kuma akwai masu zuwa da tuwon da aka tuƙa a wata ƙasa su ce a haɗiye shi ba miya. Tsoronsa yana da tushe. Abin da ke rage wannan ɓarna shi ne a samu 'yan gida a ciki, waɗanda suka san abin da za a ɗauka da abin da za a ce a'a.

Asalin duk wata talla irin wadda kika gani ƙuduri ne mai lamba 1325, wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 31 ga Oktoba 2000. Abin da ya ƙunsa a taƙaice: a sa mata cikin shawarar sulhu, a kare su lokacin rikici, a yi rigakafin rikicin da cin zarafinsu, a kuma tuna da buƙatunsu wajen agaji da sake tsugunar da jama'a. Najeriya ta fitar da tsarinta na aiwatar da shi a 2013 ta hannun Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya, ta sabunta shi a 2017, ana kuma son jihohi su yi nasu. To ƙungiya za ta karɓo kuɗin shirin zaman lafiya, mai kuɗin ya gindaya mata sharaɗin sai an nuna yadda mata za su amfana, ta duba cikin ma'aikatanta ta rasa wanda ya san kan abin. Nan ake nemo mai ba da shawara, wanda 'yan ofis ke kira kwansaltan. Ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne, ɗan kwangila ne, sai dai kwangilar ta ƙwaƙwalwa ce. Za a ba ki takardar sharuɗɗan aiki mai ɗauke da yawan kwanakin da za a biya ki da abin da za ki miƙa. Ki fara rubuta yadda za ki tafiyar da aikin, ki fita ƙauyuka, ki dawo ki rubuta daftari, a tara mutane su yi masa gyara, ki miƙa na ƙarshe. Wani lokaci bincike ne kafin a fara shiri, wani lokaci horar da ma'aikata, wani lokaci auna shirin da aka gama a ga ko ya tsinana wani abu.

Wannan shi ne abin da ke cikin takarda. Ainihin aikin kuwa a wani ƙauye na yammacin jihar nan na fahimce shi, bayan na yi shekaru ina ɗaukar kaina ƙwararriya.

'Yan bindiga sun shiga garin wata biyu kafin zuwanmu. Da hantsi muka zauna a zauren dagaci da liman da shugaban 'yan banga da dattawa. Na tambaye su ko akwai wata alama da suka gani kafin harin. Duk bakinsu ɗaya: babu wanda ya san komai, da asuba kawai suka ji harbi. Bayan azahar na shiga gidan ungozoma, inda mata suka taru a inuwar rumbu. Na maimaita tambayar. Wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Mu dai mun sani tun da kasuwa ukku. Hillani sunka bar kawo nono. Wadda nika saye gare ta shekara goma tac ce mani, Inna, in kina da inda za ki kai ɗiyanki mata, ki kai su." Na ce to wa kika gaya wa? Ta watsa ɓawon gyaɗar gefe. "Na hwaɗa ma maigida, yac ce zancen mata na."

Na koma masauki na kasa barci. Labarin harin ya iso garin da mako uku, ya shigo ta tsakar gida, ya rasa hanyar da zai bi ya kai zaure, tazarar da ba ta fi taku ashirin ba. Daga nan na daina cewa na zo "shigar da mata" cikin harkar zaman lafiya. Suna ciki tun kafin a haife ni. Yarinyar da ke zuwa itace ita ke fara ganin sawun babura a inda ba hanya. Mai tuwon sayarwa ita ta san ranar da baƙon fuska ya sayi abincin mutum talatin ya ɗaure a bayan babur. Uwa ita ke fara ganin ɗanta da sabuwar waya da kuɗi alhali bai yi ƙodago ba. Ƙungiyar ECOWAS tana da tsarin gargaɗin gaggawa mai suna ECOWARN, ƙungiyar WANEP mai aikin gina zaman lafiya a Afirka ta Yamma ma tana da masu kai rahoto a jihohi, kuma aikinsu yana da amfani, amma a irin garuruwanmu wanda ake ɗora wa kai rahoto kusan kullum namiji ne mai waya da ke zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin da ya sani shi ne abin da aka faɗa a majalisar mai shayi.

Shawarar da na rubuta a wancan rahoton ba ta yi wa masu aikin daɗi ba da farko, don sun so su ga "a sa mata kashi 30 cikin 100 a kwamitin tsaro na gari". Na ce musu in kun sa mata uku a zauren dagaci a gaban surukansu, za su zauna a bakin ƙofa su rufe fuska har a tashi, ku kuma ku rubuta cewa mata sun halarta. Abin da na nema shi ne a bi hanyar da garin ya riga ya sani: abin da mata suka gani ya taru wurin ungozoma da uwar adashe, su kai wa matar liman, liman ya kai wa dagaci bayan sallar isha'i, ba a ambaci sunan kowa ba, dagaci kuma ya yi alkawari a gaban hakimi cewa maganar da ta biyo wannan hanya ba za a kira ta zancen mata ba. A garuruwan da akwai malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar asibiti da maza ke jin nauyinta, sai a zaunar da ita a kwamitin kai tsaye, kuma can ya kamata a dosa a hankali. Kowane gari da irin ƙofarsa, gano ta shi ne abin da ake biyan ki.

Ki kuma lura da wadda ta kawo gargaɗin: Bafillatana ce mai tallar nono. Ta sa ranta a haɗari don cinikin shekara goma. Yawancin rahotannin da nake karantawa babu muryar matan ruga ko ɗaya, don mai binciken ya tsaya inda mota ke kaiwa. Alhali su ma an ƙone musu rugage, an kashe mazajensu a kasuwanni lokacin da 'yan sa-kai ke cin karensu ba babbaka, wasunsu sun daina zuwa awon ciki don tsoron shiga gari, ga ɓarayin dajin su ma ba su bar musu shanu ba. Rahoton da ya ji Hausawa kawai rabin rahoto ne, kuma yana iya ƙara wa wutar fetur. Ki nemi mace mai jin Fillanci, ki bi ta hannun arɗo, ki same su a inda zuwansu ba zai ja ido ba, kamar ranar allurar rigakafin yara.

Yanzu ki dubi sulhun da aka yi a jihar nan da wannan idon. Da Gwamna Bello Matawalle ya hau a 2019 ya buɗe ƙofar sasanci da 'yan bindiga, aka sako mutane, aka miƙa wasu makamai, kasuwanni suka ɗan farfaɗo, daga baya abin ya wargaje, har a Satumbar 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. Ki nemo hotunan zaman sasancin nan ki ƙirga matan da ke ciki. A shekarar 2019 ɗin kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu, yara sama da 25,000 sun zama marayu. An tattauna batun bindiga da shanu da burtali da 'yan sa-kai. Matar da aka sako daga daji da ciki fa, gidan wa za ta koma, kuma ɗan da za ta haifa wa zai yanka masa ragon suna? Matar da aka tafi da mijinta ba gawa ba labari, ita ba mai aure ba ita ba mai takaba ba? A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali kan ɗibar wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu bayan ta kai ƙara an yi cigiya, sannan ta yi takaba, in kuma babu abin ciyar da ita akwai hanyar da ta fi wannan gajarta. Mata nawa ne cikin masu gudun hijira a kangayen Gusau da Anka suka san haka, kuma wa zai raka su kotu? Wadda ta ci tumunin takaba a gonar da ba a isa a taka ba, me ta gada? Waɗannan ba su hau tabarmar sasanci ba don masu ɗauke da su ba sa kan tabarmar.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ce ita ba ta sulhu da 'yan bindiga, ta kuma ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Amma garuruwa da dama suna nasu sasancin a ƙasa don a bar su su yi noma, a aza musu tara su biya. Ko kina goyon bayan sulhu ko kina ƙinsa, ki tambayi daga ina kuɗin ke fitowa. In an aza wa gida kuɗin fansa, abin da ake fara fitarwa kasuwa akuyar matar gida ce, da keken ɗinkinta, da kwanonin jerenta. Ita ke biya, ba a tambaye ta nawa za a amsa ba. Rufe kasuwannin 2021 ma an yi shi don a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da mai, amma ya haɗa da matar da ke cikin kulle tana soya ƙuli-ƙuli yara na kai mata kasuwa. Aikinki ne ki riƙa yin wannan tambayar a kan kowane mataki tun kafin a ɗauke shi: wa zai ɗauki nauyinsa a cikin gida?

Haka batun makaranta. An kwashe 'yan matan Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Kebbi, inda wasu 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji, wasu suka dawo da goyo. Duniya ta ƙirga waɗanda aka sace. Waɗanda iyayensu suka cire daga makarantar kwana suka aurar don tsoro, babu mai lissafinsu, kuma in kin zauna da uban ba za ki iya ce masa bai yi tunani ba.

Kada kuma ki faɗa ramin da 'yan koyo ke faɗawa, na mayar da mata duka salihan bayi waɗanda aka zalunta. Akwai masu kai wa daji fetur da abinci, akwai waɗanda aka kama da harsasai a cikin kaya, akwai infoma mace, akwai uwar da ke zuga ɗanta da gorin bai rama jinin ubansa ba. Wata yunwa ce ta kai ta, wata tsoro, wata kwaɗayi. Maza kuma suna cikin aikin nan dumu-dumu: su aka fi kashewa, kuma saurayin da aka kore shanun gidansu, ba sadaki ba abin da zai nuna shi ma namiji ne, shi ne wanda bindiga ke yi wa kiran sauƙi. In rahotonki bai taɓo wannan ba, bai taɓo rigakafi ba.

Akwai abin da ban cika son faɗa ba, amma gara ki ji shi daga bakina. A farkon shigata aikin, wata ƙungiya da na yi wa kwangila ta dage sai kowace mace da ta zo zama ta rubuta sunanta da lambar waya ta sa hannu, don masu binciken kuɗi su ga inda kuɗin mota ya tafi. Na bi. Jami'in yaɗa labaransu ya ɗauki hoto ya sa a Facebook. Bayan kamar mako guda jami'an tsaro suka kai samame wata maɓoya kusa da garin, sai magana ta tashi cewa matan nan da suka zauna da baƙi su suka kai rahoto. Ɗaya daga cikinsu, wadda fuskarta ta fi fitowa a hoton, sai da ta bar garin cikin dare da 'ya'yanta. Ba ta faɗa mana komai a kan maɓoyar ba, maganar ruwan sha muka yi da ita. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga nan ba na sa hannu a kwangila sai an rubuta cewa ba hoto, ba suna, lamba kawai za a ba kowace mace, kuma ba za a ambaci sunan ƙauye a rahoton da zai fita waje ba. In sun ƙi, su nemi wata. A jihar da kalmar infoma ke kashe mutum, littafin rubutunki ma makami ne, ki san inda kike ajiye shi.

Batun fyaɗe kuwa, kada ki kuskura ki tambaye shi a cikin taro, kuma kada ki tambaye shi ko a keɓe in ba ki da inda za ki tura mace. Kafin ki bar Gusau ki san asibitin da ke da maganin kariya daga cutar ƙanjamau, wanda sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ki san ma'aikaciyar da za ta karɓe ta ba tare da tozarci ba. Sa mace ta tono abin da ta binne don kawai ki samu sakin layi mai taɓa zuciya zalunci ne. In ita ta kawo maganar da kanta, ki ajiye biro ki saurara.

Zan ɗan yi gulmar sana'armu. Da yawa daga cikin abin da ake kira aikin nan taron bita ne a otal: a tara fuskokin da aka saba, a sha shayin ƙarfe sha ɗaya, a raba alawus, a rubuta cewa an horar da mata hamsin. Matan nan ba laifinsu ba ne, wasunsu jajirtattu ne, amma tsohuwa mai ɓarar gyaɗa ba ta san an yi ba. Za ki kuma ji ana ta maimaita wani adadi daga nazarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2015, cewa shigar mata tana ƙara yiwuwar yarjejeniyar sulhu ta kai shekara 15 da kashi 35 cikin 100. Daga yarjejeniyoyin gwamnatoci da 'yan tawaye masu shugabanci aka ciro shi. Namu dabobin 'yan bindiga ne barkatai, kowace da kachallanta, wanda aka yi sulhu da shi a Zurmi ba shi da iko da na Ɗansadau. Haka labarin matan Laberiya da suka tare ƙofar zauren tattaunawa a Accra a 2003 suka ce ba mai fita sai an daidaita, wanda ya kai jagorarsu Leymah Gbowee ga kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2011: abin sha'awa ne, ki san shi, amma kada ki kwafo shi ki manna wa Tsafe. A sama ma giɓin yana nan, tunda zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya majalisar dokokin Zamfara mai kujeru 24 ba, haka ta Kebbi. Sai dai wannan ba abin da kwangilar wata uku za ta gyara ba ne, kuma duk wanda ya rubuta a takardar neman aiki cewa zai gyara shi, neman kuɗi yake.

To ke za ki iya nema? Ki koma ki karanta sharuɗɗan. Galibi irin wannan matsayi ana neman digiri na biyu da gogewar shekaru biyar ko fiye, da rahotannin da mutum ya taɓa rubutawa. Cike fom sau biyu bai kai ki nan ba tukuna, kuma in aka ba ki jagorancinsa yanzu ba a yi miki gata ba. Amma duk wanda ya samu kwangilar, musamman in daga Abuja ko Kaduna ya zo, dole ya nemi mace 'yar gida da za ta shiga inda ba zai iya shiga ba. Wannan gurbin ki nema. Ki rubuta wa ƙungiyar ki ce kina son zama mataimakiyar bincike ko mai ɗaukar bayanin zama, ki faɗi garuruwan da kika sani da harsunan da kike ji. Ki nemi a sa sunanki a rahoton, don da shi za ki nemi na gaba. Kafin nan ki gyara Turancinki na rubutu, don wurin nan ne 'yan gida suka fi faɗuwa alhali sun fi kowa sanin ƙasa. Ki iya manhajar Kobo da ake tattara bayanai da ita a waya. In kina da Fillanci ko kaɗan ki raya shi, in Kebbi za ki leƙa kuma Dakarci a ƙasar Zuru da Zabarmanci a yamma suna buɗe ƙofofi. Ki shiga aikin sa-kai na ƙungiyoyin mata da ke da rassa har ƙananan hukumomi, irin FOMWAN ta mata Musulmi da aka kafa tun 1985, ki kuma san jami'an Ma'aikatar Mata a Gusau. Ranar da kike neman wadda za ta kai ki gidan ungozoma a Bukkuyum, su za ki kira.

Kuɗin yana da auki in ya zo, amma kashi-kashi ake biya, na ƙarshe kan yi wata da watanni bayan kin miƙa rahoto, ana cire haraji tun daga tushe don haka ki tanadi lambar biyan harajinki, ba fansho, ba albashin wata. Kasuwar ma ta tsuke tun da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025, wasu masu ba da tallafin su ma suka rage hannu. In kin samu koyarwa ko wani aiki mai ɗorewa, ki riƙe shi ki riƙa haɗawa. Duk tallar da aka ce ki biya kuɗin fom ko na tantancewa, ta 'yan damfara ce.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na tabbata ya fi damun Baba ko bai faɗa ba, wato hanya. Ke 'yar Ƙaura ce, ba sai na ba ki labarin hanyar Shinkafi ba. Kafin ki amsa, ki tambaya a rubuce: wa ke ba da mota, wa ke yanke hukuncin cewa hanya ta yi kyau yau, kina da ikon cewa ba za ki je ba ba tare da an yanke miki kuɗi ba, kuma in wani abu ya same ki, Allah ya kiyaye, wa ke da alhaki? Ƙungiyoyi da yawa suna da inshora ga ma'aikatansu amma ban da 'yan kwangila. Ba na shiga motar da ke da tambarin ƙungiya, ba na sa rigarsu, hijabina irin na matan garin ne, kuma la'asar ba ta same ni a hanya. In garin ba ya shiguwa, a kawo matan hedikwata ranar kasuwa cikin ayarin 'yan cin kasuwa, ko a bar shi.

Ki ɗauki takardar sharuɗɗan nan ki zauna da Baba bayan magariba ki fassara masa ita layi-layi, har wuraren da ke kanki ba ki gamsu da su ba. In tafiyar farko ta zo, ki roƙe shi ya haɗa ki da yayanki ko kawunki ya raka ki, ko shi da kansa ya kira dagacin garin ya ce ga 'yarsa nan tafe. Kiran nan nasa zai buɗe miki zauren da wasiƙar ofis ba za ta buɗe ba. In sun amsa miki, ki turo mini kwangilar in duba sashen hoto da sunaye da na tafiye-tafiye kafin ki sa hannu. Ki gaishe mini da Baba da su Inna.